Kundin aikin kashe lilon hasumiyar masallacin unguwarmu da tankunan ruwa, Garwa

14 ga Disamba, 2024

Na buɗe wannan kundi ne domin duk wanda zai kula da hasumiyar nan bayanmu ya san abin da aka yi da dalilin yin sa. Hasumiyar ta ƙarfe ce, tsawonta mita 27, an yi ƙashinta da bututun ƙarfe aka lulluɓe ta da falankin ƙarfe a zagaye, faɗinta daga sama mita 1.6. Tun shigowar hunturu ladan ya kai ƙara wurin kwamitin masallaci cewa duk lokacin da ya hau gyaran lasifika da hantsi, ƙasan dandalin sama yana tafiya da shi hagu da dama har sai ya riƙe ƙarfe, kuma maƙwabta suna jin kukan falanki da dare.

Yau na hau da kaina. Na ɗaure wayata a ƙasan dandalin, na kunna manhajar phyphox wadda jami'ar Aachen ta Jamus ta fitar, wadda ke karanta ma'aunin motsi da ke cikin kowace wayar zamani. Domin kada in dogara da waya kaɗai, na kuma ƙirga lilon da agogo: kaiwa da komowa 20 sun ci daƙiƙa 21.7, wato sau 0.92 a daƙiƙa guda. Wayar ta ba da adadi ɗaya da wannan. A lokacin da lilon ya fi ƙarfi, kan hasumiyar yana gusawa kimanin santimita 3 zuwa kowane gefe. A takarda abin bai taka kara ya karya ba, amma wanda ke tsaye a can sama cikinsa ne ke gaya masa.

21 ga Disamba, 2024

Abu biyu na lura da su cikin makon nan. Na farko, iskar tana fitowa daga arewa maso gabas, amma hasumiyar tana lilo ne a gicciye da ita. Na biyu, lilon ya fi tsanani a matsakaiciyar iska, idan kuma ta ƙara ƙarfi sai ya lafa. Waɗannan alamu biyu suna nuna sababi ɗaya. Idan iska ta ratsa abu mai zagaye, takan bar 'yan guguwa a bayansa, ɗaya ta ɓalle daga dama, ta gaba daga hagu, kowace kuma tana ɗan jan abin zuwa gefenta. Vincenc Strouhal, masanin ƙasar Cek, shi ya auna wannan a 1878 yana nazarin kukan da waya ke yi cikin iska, kuma adadin da ke ɗauke da sunansa kusan 0.2 ne ga abu mai zagaye. Idan aka ninka saurin lilo da faɗin hasumiya aka raba da 0.2, ana samun ƙarfin iskar da 'yan guguwarta za su dace da lilon ginin. Namu ya ba da mita 7.4 a daƙiƙa, kusan kilomita 26 a sa'a, iskar da hunturu kan kawo kusan kowace safiya. Kamar mai tura yaro a shillo ne: ɗan turi kaɗan, in dai yana zuwa a kan kari, yakan kai yaron sama.

Abin da ya fi damuna na same shi a gindi. A ɗaya daga cikin faifan ƙarfen da ke haɗa ginshiƙi da tushe akwai tsaga siririya kamar gashi a bakin walda. Ƙarfe yana gajiya idan ana lanƙwasa shi ana sakewa, ko da nauyin bai kai rabin abin da zai iya ɗauka ba. Lilo 0.92 a daƙiƙa ya kama 3,312 a sa'a, kuma sa'a biyar a rana har kwana 60 ya kusan kai miliyan ɗaya a hunturu guda. Na sa mai walda ya kankare tsagar ya sake cika ta, na kuma gaya wa kwamiti cewa gyaran ba zai daɗe ba muddin lilon yana nan.

A zaman kwamiti an kawo shawarar ɗaure hasumiyar da igiyoyin ƙarfe zuwa ƙasa, sai dai biyu daga cikinsu za su faɗa kan titi. An kawo ta naɗa mata zoben ƙarfe mai murɗawa irin na dogayen bututun hayaƙin masana'antu, wanda ke wargaza 'yan guguwar, amma yana ƙara wa iskar hadari wurin kamawa, kuma Malam Liman bai so a canja kamannin hasumiyar ba. Da na ce a ɗora mata ruwa a ka, wani dattijo ya ce, "Injiniya, abin da ke rawa ne za ka ƙara wa kaya?" Na roƙi a ba ni wata guda in nuna a ƙasa kafin a hau sama.

5 ga Janairu, 2025

Dabarar tsohuwa ce. Hermann Frahm, injiniyan jiragen ruwa na Jamus, ya sa tankuna masu siffar harafin U a cikin jirage domin rage tangaɗinsu a teku tun kafin yaƙin duniya na farko, kuma a 1909 ya nemi rajistar na'urarsa ta kashe girgiza. Tushen abin shi ne a ɗora wa babban abu mai lilo wani ƙaramin abu da ke lilo da kusan saurinsa. Idan babban ya motsa, ƙaramin yana biyo shi a makare, ƙarfin da yake mayarwa yana saɓa wa tafiyar babban, kuma ƙarfin lilon yana ƙarewa a gogayyar da ke cikin ƙaramin. A benen Taipei 101 na Taiwan, ƙaramin abin dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin tan 660 a rataye. A Jafan an sa tankunan ruwa a hasumiyar filin jirgin saman Nagasaki a 1987. Benen Comcast Center na Filadelfiya a Amurka, wanda aka gama a 2008, yana ɗauke da fiye da lita miliyan ɗaya a tanki mai siffar U, shi kuwa One Rincon Hill na San Faransisko tankinsa na sama yana kashe lilo yana kuma zama ajiyar ruwan kashe gobara. Na zaɓi ruwa maimakon ƙarfe saboda ba shi da sarƙa ko gwangwanin mai da za su ci su lalace, kuma ana saita shi da bokiti.

Na fara lissafa tanki mai siffar U. Saurin lilonsa ya dogara ga tsawon ruwan da ke cikin bututun kawai, kuma domin a sami 0.9 a daƙiƙa tsawon zai zama santimita 61 kacal, wanda ba zai ɗauki ruwan kirki ba. Irin wannan ya fi dacewa da manyan benaye da lilonsu guda ke cin daƙiƙoƙi da yawa. Sai na koma ga buɗaɗɗen tanki mai kusurwa huɗu inda ruwa ke tambal-tambal daga bango zuwa bango. Lissafinsa shi ne f = (1/2π)√[(πg/L) tanh(πh/L)], inda f yake yawan kaɗawar ruwan a daƙiƙa guda, L tsawon tanki, h zurfin ruwa, g kuma jan ƙasa, 9.81. Tanki mai tsawon santimita 60 da ruwa mai zurfin santimita 14 ya ba da 0.90. Da gangan na sauko ƙasa da 0.92, bisa ƙa'idar Den Hartog, masanin girgizar injuna, cewa a raba saurin ginin da ɗaya haɗe da kason nauyin da aka ɗora.

Tankin zai zama santimita 60 a tsawo, 60 a faɗi, domin ya yi aiki ko ta wace fuska lilon ya zo. Kowane zai ci lita 50, amma kashi 69 cikin ɗari ne kawai ke kaɗawa a wannan zurfi, sauran yana bin tankin kamar daskararre. Na ƙiyasta nauyin hasumiyar da ke shiga lilo a tan 4, saboda haka tanki uku za su ba da kilo 104 na ruwa mai aiki, kashi 2.6 cikin ɗari. Wannan ƙiyasi na tan 4 shi ne mafi rauni a duk lissafin, domin zanen ginin ya ɓata, da tef na bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya.

18 ga Janairu, 2025

Gwajin ƙasa ya ci kwana huɗu a rumfar mai walda. Mun rataye katako da sarƙa huɗu masu tsawon santimita 29, domin shillo mai wannan tsawo yana kaiwa da komowa kusan sau 0.92 a daƙiƙa, daidai da hasumiyar. Muka jera buhun siminti 9 a kai, muka ɗora siririn tanki mai tsawon 60 da faɗin 20, gefensa ɗaya gilashi ne domin a ga ruwan. Da tankin babu komai a ciki, aka tura shillon aka saki, sai da ya yi lilo fiye da 20 kafin girman lilon ya ragu da rabi.

Da aka zuba ruwa zuwa santimita 14 aka sake turawa, shillon ya kusan tsayawa cik bayan 'yan lilo kaɗan, yaran shagon har sun fara tafi. Sai kuma ya sake tashi da kansa. Ruwan ya karɓi ƙarfin lilon gaba ɗaya, amma da yake tankin sumul yake a ciki bai sami inda zai zubar da shi ba, sai ya mayar wa shillon, shillon ya sake ba shi, haka suka yi ta miƙa wa juna. A kan allon waya zanen ya fito kamar jerin tulu, ya kumbura ya tsuke ya sake kumbura. Na san da wannan a karatu, amma ban zaci zai fito ƙarara haka ba, kuma na ji daɗi da ba a gaban kwamiti ya faru ba.

Mai waldar, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya kalli ruwan ya ce, "Ɗana, ba ka taɓa ganin mata sun ɗebo ruwa daga Binuwai ba? Ganye suke sawa a kai don kada ya fantsama." Na ce, "Baba, maganin ke nan." Ganye zai ruɓe, saboda haka muka yanka raga daga falankin ƙarfe mai ramuka muka tsayar da ita a cikin tankin. Wurin da ya dace shi ne kusa da tsakiya, domin a can ruwan ya fi gudu a kwance, a bakin bango kuwa hawa da sauka kawai yake yi. Raga mai ƙananan ramuka ta yi yawa: ta raba tankin gida biyu, ruwan ya daina tafiya, shillon ya koma kamar an ɗora masa dutse. Wadda kusan rabin fuskarta a buɗe yake ita ta dace. Da raga biyu irin wannan, lilon yana raguwa da rabi cikin kaiwa da komowa huɗu, kuma bai sake tasowa ba. Da yamma 'yan kwamiti uku suka zo, dattijon nan ya tura shillon da hannunsa sau biyu, da ruwa da kuma babu ruwa, sannan ya ce a ci gaba.

2 ga Fabrairu, 2025

An gama tankuna uku, tsayin kowane santimita 30, da raga a gicciye ta fuska biyu da murfi mai noti. Mun cika su muka bar su kwana biyu a kan busasshen siminti. Ɗaya ya jiƙe ta kusurwa, aka sake masa walda. An shafa musu fentin hana tsatsa hannu biyu ciki da waje. Na duba ƙarafan dandalin sama, za su ɗauki ƙarin kilo 240 na ruwa da tankuna, amma na sa a ƙara gicciye biyu a ƙarƙashin inda za su zauna.

15 ga Fabrairu, 2025

An hau da tankunan da igiya da kura, aka jera su bisa juna a kan kanta ta ƙarfe, da tazarar da hannu zai shiga tsakani, aka ɗaure kantar da noti a jikin ƙashin hasumiyar. Ɗaurin nan yana da muhimmanci, domin tankin da ke zamewa ko da kaɗan ba ya isar da ƙarfin ruwan ga ginin. Ruwan kuwa da jarka aka yi ta miƙa shi ta matakala.

Da sassafe kafin iska ta tashi muka yi gwajin igiya. An ɗaura igiya a saman hasumiyar, mutum biyar suna ja suna sassautawa bisa ƙirgar da nake yi musu, har lilon ya kai santimita 2, sannan suka saki gaba ɗaya. Da tankuna babu ruwa, lilo 22 aka yi kafin ya ragu da rabi, wato ƙarfin kashe lilo na hasumiyar kanta kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne, abin da aka saba gani a ginin ƙarfe mai walda. Da ruwa, lilo huɗu zuwa biyar suka isa, kuma masu jan igiyar sun yi ƙorafin cewa hasumiyar ta ƙi amsa musu. Da hantsi iska ta zo irin wadda muke jira, na zauna a sama sa'a biyu, gusawar ba ta kai santimita ɗaya ba. Ana jin ruwan yana bugun raga a hankali.

9 ga Maris, 2025

Azumi ya kama, hunturu ya ja baya, iskar da ke tayar da lilon ta yi ƙaranci. Tsagar gindi ba ta dawo ba. Ban hau ba.

6 ga Afrilu, 2025

Rashin hawan nan kuskurena ne. Ladan ya aiko cewa jiya da la'asar hasumiyar ta motsa kamar da. Na hau na tarar cikin falankin kamar tanderu, ga zafin Garwa na wannan wata da ke wuce digiri 40 a inuwa. Na buɗe tankunan: biyu sun sauka zuwa santimita 11, na saman zuwa 10. Robar da muka sa a bakin murfi ta bushe ta tsattsage, tururi yana fita ta nan da ta ramin shan iska da na bari. A zurfin 11 ruwan yana kaɗawa sau 0.82 a daƙiƙa, a zurfin 10 kuma 0.79, alhali hasumiyar tana nan kusa da 0.92. Yatsa biyu na ruwa suka raba su, tankunan suka zama kaya kawai, kamar yadda dattijon ya faɗa tun farko.

Littattafan da na karanta a ƙasashen sanyi aka rubuta yawancinsu, damuwarsu kada ruwan ya daskare. Tamu damuwar ƙafewa ce, kuma ya kamata in sa ta cikin lissafi tun ranar farko. Na mayar da ruwan, na canja robar da wadda aka yanka daga tsohon tiyub na mota, na toshe ramin shan iskar da ƙaramin bututu mai lanƙwasa da raga a bakinsa saboda sauro. Na roƙi ladan ya sa wani ya riƙa duba ruwan duk mako.

20 ga Afrilu, 2025

Yaron da aka ba aikin ya yi shi da zuciya ɗaya: ya ga tankunan ba su kai rabi ba, ya cika su kusan baki. Na auna santimita 25. A wannan zurfi saurin kaɗawar ya haura 1.06, kuma ruwan yana dukan murfi kafin ya yi tafiyarsa. Laifin nawa ne, domin cewa na yi a duba ruwa, kuma duk wanda aka ce wa ya duba randa ya san cika ta ake nufi. Na ce wa ladan, "Baba Ladan, wannan ruwan awo ne kamar na magani, in ya yi kaɗan bai yi ba, in ya yi yawa bai yi ba."

Domin kada aikin ya dogara ga tunawar mutum, mun sa wa kowane tanki bututun ambaliya a tsaye, bakinsa daidai zurfin da ake so, da famfo a ƙasa. Mai zubawa zai buɗe famfon, ya zuba har ruwa ya fara fita, sannan ya rufe. A tsakiyar tankin muka kafa bututun, domin nan ne fuskar ruwan ba ta hawa ba ta sauka idan yana kaɗawa. Na kuma yi amfani da damar na bambanta zurfin: 13, 14 da 15, waɗanda ke ba da 0.88, 0.90 da 0.92. Hakan yana rage ɗan ƙarfin aikinsu a daidai tsakiya, amma yana faɗaɗa iyakar da suke kamawa, ta yadda ko ruwa ya ragu da santimita guda, ko ƙiyasina na tan 4 ya kauce, ɗaya daga cikinsu zai kasance kusa da saurin hasumiyar. An rubuta adadin kowane tanki da fenti a jikinsa, da Hausa da ajami da Faransanci. Gwajin igiya ya ba da lilo biyar.

11 ga Mayu, 2025

Daren jiya hadarin farko mai ƙarfi ya sauka, da iskar da ta yaye kwanon gidaje biyu a layinmu. Na bar tsohuwar waya a sama tana ɗauka. Zanen ya nuna iskar ta tura kan hasumiyar da ƙarfi sau da dama, kuma bayan kowane turi lilon ya mutu cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Na bayyana wa kwamiti cewa tankunan ba sa rage ƙarfin turin farko ko kaɗan, wannan aikin ginshiƙai da tushe ne, abin da suke hanawa shi ne lilon ya taru a kan lilo. Saboda haka duba notin tushe da bakin walda yana nan a kan ƙa'idarsa, sau biyu a shekara.

Na hau da safe. Zurfin ruwa 13, 14 da 14.5, wato cikin mako uku na saman kaɗai ya yi asarar rabin santimita. Noti biyu na kantar sun sassauta, na ɗaure su na ƙara musu na biyu a kai. Akwai ɗigon tsatsa a gindin raga ɗaya inda fenti bai shiga ba, za a sauke wannan tankin bayan damina a gyara. Awon da zai nuna ko an yi nasara sai Disamba, idan iskar kilomita 26 ta dawo tana kaɗawa sa'o'i a jere. Kafin nan za a riƙa rubuta zurfin kowane tanki duk ranar Juma'a a takardar da na liƙa a bayan ƙofar matakala, ni kuma zan kwafe ta cikin wannan kundi a ƙarshen kowane wata.